Ra'ayinmu: Masu Lissafi Da Makomar Mubi

'Yan'uwanmu mazauna Legas, Ibadan da Fatakwal, da yawanku da shanun kasuwar Mubi kuke neman abinci. Amma kaɗan ne suka san cewa yau da kwamfuta ake lissafa yadda ciwon huhu zai bazu cikin garke, ko lokacin da Kogin Yedzaram zai yi ambaliya. Masani yakan zuba alƙaluman ruwan sama ko na zirga-zirgar dabbobi cikin na'ura, ita kuwa ta nuna abin da ke tafe.

Ƙwarewa a wannan aiki takan samu ne bayan digirin dokta, idan mutum ya ƙara shekara biyu ko uku yana bincike ƙarƙashin manyan malamai. Cibiyar ICTP ta Trieste a Italiya, wadda Abdus Salam ya kafa a 1964, tana ɗaukar irin waɗannan masana. A gida kuma asusun TETFund yana tallafa wa binciken malaman jami'a.

Mubi tana da Jami'ar Jihar Adamawa tun 2002, ga kuma Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya. Garin ya faɗa hannun Boko Haram a 2014, ya kuma farfaɗo. Sai dai masanin da ya dawo bai tarar da wutar lantarki da na'ura mai ƙarfi ba, juyawa zai yi.

Saboda haka muna kira ga ƙungiyoyinku na 'yan kasuwa da su ware wani abu daga asusunsu domin ɗakin bincike a Mubi. Ku kuma ƙarfafa wa 'ya'yanku, maza da mata, neman waɗannan gurabe. Allah Ya sa mu dace.