Tekun da Kifinsa Ba Ya Ƙarewa

Masu yabon Dredge, wasan kwamfutar da kamfanin Black Salt Games ya fitar a 2023, suna cewa ya bayyana rayuwar masunci. Sun zuzuta shi.

Daɗinsa ba abin musu ba ne: kamun kifi da rana, fargabar dodanni cikin hazon dare. Amma bashin jirgin nan da nan yake biyuwa, inda aka kwashe kifi kuma ya sake cika bayan 'yan kwanaki. A zahiri, hukumar FAO ta ce fiye da kashi ɗaya cikin uku na albarkatun kifin teku ana kwasarsu fiye da yadda suke hayayyafa.

Abin da ke hana masunci barci shi ne komar da ta dawo wayam. Wannan fargabar kuwa wasan bai taɓo ta ba.