Wa Ya Taɓa Rimot?

A hunturun bara, wata ranar Talata da dare, muka zauna za mu kalli labaru a Télé Sahel. Inna ba ta fashin kallonsu, ko da na Faransanci ne sai ta sa a fassara mata. Hoto ya fito tar, mai karanta labaru yana ta motsa baki, amma shiru kake ji. Na ɗauki rimot, wanda mu nan Gure muka fi kira komandi, na danna, na sake dannawa, na bubbuga shi a tafin hannu kamar yadda kowa ke yi. Babu sauti. Sai na juya na yi tambayar da kowane maigida ya iya: “Wa ya taɓa?”

Idona ya faɗa kan ɗana mai shekara tara, don na gan shi riƙe da rimot ɗin da la'asar. Ya rantse bai yi komai ba. Na ja masa kunne, na yi masa faɗan da ya fi ƙarfin laifin ko da shi ya yi, ya je ya kwanta bai ci tuwo ba. Washegari na biya kasuwa na sayo sabon rimot jika biyu, na sa batir, na danna. Shirun dai yana nan.

Babbar ɗiyata, wadda ke kwaleji, ita ce ta ce, “Baba, in duba?” Ta karɓa ta danna sau biyu, ta ce, “Baba, ai rimot lafiyarsa ƙalau. Ga lamba nan tana hawa in an danna. Tele yana karɓar umarni, muryar ce ba ta iso masa ba.” Ta mayar da lambar daga 100 zuwa 15, ta leƙa bayan talabijin da fitilar waya. Wayoyi uku ne ke zuwa daga dekoda: rawaya ta hoto, ja da fara na sauti. Rawayar tana raminta, ja da farar kuwa suna cikin ramukan layin ƙasa. Kuma ni ne na zare su da azahar ɗin ranar Talata don in kakkaɓe ƙura in jona kwamfutata, na mayar da su a gurguje. Na kira yaron na ba shi haƙuri a gaban kakarsa. Inna ta dube ni ta ce, “Kai da kake koyar da ƴaƴan mutane, ka yanke hukunci ba bincike.”

Maganar Inna ce ta sa nake wannan rubutu. Ra'ayina shi ne, idan na'ura ta ƙi aiki a gida, mu daina neman mai laifi, mu zaunar da yara mu nemi dalili tare da su. Rimot da maɓallin sauti su ne kayan gwajin kimiyya mafi araha da muke da su, kuma suna cikin ɗakunanmu muna hana yara taɓawa.

Mu malamai mun san kukan da muke yi kullum: babu ɗakin gwaji, babu kayan aiki. Gaskiya ne. A makarantar horon malamai an koya mana cewa darasin kimiyya yana farawa da lura, sai zato, sai gwaji, sannan a yanke magana. Amma da muka shiga aji sai muka koma rubuta wannan jeri a allo yara suna haddacewa. Abin da ɗiyata ta yi a daren nan shi ne jerin gaba ɗaya, cikin minti biyar. Ta lura lamba tana hawa, ta fitar da rimot daga zargi, ta bi hanyar da sauti ke bi har ta iske inda ya tsaya. Ni kuwa mai takardar shaidar koyarwa na tsallake duka na faɗa kan yaro da aljihuna. Ruwa ba ya tsami banza, mun san karin maganar, amma a gaban na'ura sai mu manta da ita.

Tun daga lokacin na roƙi iyayen ɗalibaina na ajin ƙarshe na firamare su aiko mini da matattun rimot ɗin da ke gidajensu. Aka kawo goma sha ɗaya. Bakwai sun tashi a hannun yara a yini guda. Ga yadda muka bi, kuma kowane uba ko uwa za su iya bi a gida.

Da farko a tabbatar ko rimot yana magana. Yawancin rimot na talabijin da dekoda suna aika umarni ne da wani haske da idon mutum ba ya gani, wanda ke gaba da launin ja a jerin launukan bakan gizo. Wani masanin taurari a Ingila, William Herschel, shi ya gano wannan haske a 1800, da ya ga ma'aunin zafi yana hawa a gefen ja inda ido ba ya ganin komai. Kyamarar waya tana ganinsa. A buɗe kyamara, a nufi ɗan ƙwan da ke goshin rimot, a danna maɓalli. In yana da rai za a ga haske fari ko shunayya yana ƙyaftawa a fuskar waya. Wasu wayoyi kyamarar baya tana tace hasken, sai a gwada ta gaba. Ranar da na nuna wannan a aji, yara suka yi ta layi kowa yana so ya gani da idonsa. Gani ya kori ji.

In babu haske, sai a koma ga batir. A duba ko an sa shi daidai, kai da gindi. Kada a haɗa sabo da tsoho. Zafin bazararmu yana sa batir ya yi yoyo, ya bar farin gari a kan ƙarfen da yake taɓawa, wuta ta kasa wucewa. A cire batir ɗin, a goge ƙarfen da auduga mai ɗan ruwan lemun tsami, a bari ya bushe sarai, a wanke hannu. Bubbuga rimot da muke yi yakan yi aiki wani lokaci don yana motsa batir ya sake taɓa ƙarfe, amma yana tsattsaga abin da ke ciki a hankali. Cizon batir don ya ƙara kwana kuwa a hana yara, abin da ke cikinsa guba ne.

In wasu maɓallai suna aiki wasu ba sa yi, galibi datti ne. A ƙarƙashin kowane maɓallin roba akwai ɗan baƙin tabo da ke haɗa wuta idan an danna. Ƙurar hunturu da maiƙon hannu sukan taru a wurin, kuma maɓallin sauti da na canja tasha su ke fara mutuwa don su aka fi dannawa. A buɗe rimot a hankali, a wanke robar da sabulu, a goge allon da auduga da ɗan alkol na kemis, a bari komai ya bushe kafin a rufe. Ledar da muke naɗe rimot da ita dabara ce mai kyau a garin rairayi irin namu, sai dai in ta dushe a wajen goshi tana rage hasken.

In rimot yana haske amma akwati bai amsa ba, a duba idon akwatin. Ƙura ta rufe shi, ko ƙyallen ado da ake lulluɓa wa talabijin ya sauko kansa, ko rana tana dukansa ta taga. Wannan matsala ta rana tsohuwa ce: rimot ɗin talabijin marar waya na farko, wanda Eugene Polley ya ƙera wa kamfanin Zenith a Amurka a 1955, da hasken fitila yake aiki, kuma hasken rana yakan ruɗa talabijin ɗin. Akwai kuma rimot na ƙananan akwatunan intanet da na kwamfuta da ke aiki da Bluetooth ko da ɗan abin da ake soka wa a ramin USB. Irin waɗannan kyamara ba lallai ta nuna komai ba, sai a duba ko ɗan abin yana raminsa, ko a sake haɗa su da akwatin.

Sai maganar sauti, inda na faɗi. Gidaje da yawa yanzu, musamman na malamai, muna jona kwamfuta da talabijin don yara su kalli darasi ko fim. Na kan kwatanta wa ɗalibai da ban ruwa a lambunan kwari: ruwa yana tasowa daga rijiya, ya bi hanya, ya ratsa mahaɗa, kafin ya kai fangali. In an toshe shi a sama, ko ka buɗe bakin fangali har ƙarshe ba abin da zai shigo. Sauti ma haka yake. Manhajar da ke kunna fim, irin su VLC, tana da nata ma'aunin. Kwamfuta tana da nata. Talabijin yana da nasa, dekoda da lasifika ma haka, kuma kowannensu yana da maɓallin yin shiru. A bi su ɗaya bayan ɗaya daga tushe. A tuna wayar HDMI tana ɗauke da hoto da sauti tare, amma tsohuwar VGA mai shuɗin kai hoto kaɗai take kaiwa. Wani lokaci kuma kwamfuta tana aika sautin wani wuri dabam, ga lasifikarta ko ga abin kunne na Bluetooth da ke cikin jakar wani, sai an shiga wurin zaɓen mafitar sauti an nuna mata talabijin. Ƙa'ida ɗaya nake nanata wa yara: a canja abu guda, a gwada, sannan a taɓa na gaba. Wanda ya taɓa abu biyar lokaci guda, ko ya gyaru bai san me ya gyara ba.

Akwai dalilin lafiya a nan ma. Idan sauti ya yi ƙasa a dekoda ko kwamfuta, mukan ƙure na talabijin, sai wani ya canja tasha ƙara ta fashe a kunnen jariri. Shi ya sa ɗiyata ta rage lamba kafin ta mayar da waya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa sama da biliyan 1 suna cikin haɗarin raunin ji saboda sauraron sauti mai ƙarfi, kuma ma'aunin da ta bayar ga babba shi ne desibel 80 na awa 40 a mako, ga yara desibel 75. Ba mu da na'urar aunawa a gida, amma in sai ka ɗaga murya kafin wanda ke zaune kusa da kai ya ji ka, sautin ya yi yawa. Mu malamai mun san yaron da ke bayan aji ana ce masa daƙiƙi alhali ji ne ba ya yi sosai. Idan akwai tsoho mai nauyin kunne a gida, kamar Inna, a matso masa da kujera ko ƙaramar lasifika, ya fi a ƙure wa kowa.

Na san abin da wasu iyaye za su ce, don an faɗa mini a taron iyayen yara: “Malam, in ka koya musu buɗe rimot, gobe rediyo za su buɗe, jibi tele.” Tsoron yana da tushe, kayan nan da gumi aka saye su, kuma wanda ya dace da akwatinka wani lokaci sai an aika Damagaram, tafiyar sama da kilomita 150. Amsata ita ce a sa iyaka a bayyane. Rimot batir biyu ne masu bolt 1.5 kowanne, ba ya kama mutum. Duk abin da ake jonawa da wutar bango ko da batirin sola, yaro ba ya buɗe shi, kuma ko babba ya bar wa mai gyara cikin talabijin, don yakan riƙe wuta bayan an kashe shi. Ƙananan batir masu kama da kwabo da ke cikin rimot na lasifika a nisanta su da masu rarrafe, haɗiye su yana ƙona maƙogwaro. Yaron da aka nuna wa iyaka aka ba shi abin da zai buɗe a gabanka ya fi aminci a kan wanda zai buɗe a ɓoye ranar da ka fita. Kuma a ba ƴan mata sukuddireba kamar yadda ake ba maza. A ajina, mutum huɗu cikin bakwai da suka tada rimot mata ne.

Mu tuna kuma talabijin a Nijar ta ƙofar makaranta ya shigo. A 1964 aka fara talabijin na koyarwa a azuzuwan firamare, sai a ƙarshen shekarun 1970 ya zama tashar ƙasa ta kowa. Farfesa Abdou Moumouni, haifaffen Tasawa a 1929, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya yi shekaru yana jagorancin ofishin binciken makamashin rana, yana ƙera na'urori da zafin ranar nan da muke kuka da shi. Ƙasar da ta fitar da irinsa bai kamata ƴaƴanta su tashi suna ganin na'ura kamar abin tsafi ba, in ta yi aiki a gode, in ta ƙi a jefar a sayi wata. Jika biyu ba kuɗin wasa ba ne a gidan malami ana tsakiyar wata.

Roƙona ga abokan aiki, ku ware awa ɗaya a wannan zango ku sa a kawo matattun rimot, ku raba yara rukuni-rukuni, kowane rukuni ya rubuta abin da ya lura, abin da ya zata, da abin da ya gwada. Ga iyaye kuma, ranar da sauti ya ɗauke, kafin a tambayi wa ya taɓa, a tambayi me ya canja tun jiya, kuma maigida ya fara da kansa.

Sabon rimot ɗin da na saya yana nan cikin akwati da ledarsa. Tsohon ne muke amfani da shi, kuma yaron da na ja wa kunne shi ke canja masa batir yanzu.