Sharhi: A sayar da bashe a sayi ƙaramar mota? Lissafin da ya kamata a yi kafin a kira dillali

Tun da aka fara ɗebe amfanin gona, magana ɗaya ke yawo a tashoshin mota da garejin makanikai, daga Cadawa zuwa Agye da Gazawa har Gidan Rumji: mai bashe ya riƙe motarsa, ko ya sayar ya sayi ƙarama wadda ba ta shan mai? Wasu sun riga sun kai tasu hannun dillalai a Maraɗi. Wasu sun jingine ta gindin bedi, ba ta fita sai ranar kasuwa. Bashe dai, wadda ƴan'uwanmu na Najeriya ke ce wa a-kori-kura, ita ce jarin gidaje da yawa a yankin nan, daga tsohuwar Peugeot 504 zuwa Toyota Hilux. Shi ya sa muka ga ya dace mu zauna mu duba lamarin da alƙalami, don wanda ya sayar da jarinsa bisa kuskure ba kasafai yake iya maido shi ba.

Yadda muka zo nan

Shekara da shekaru, mai mota a jahar Maraɗi bai damu da gidan mai ba. Ruwa-ruwa na nan bakin hanya cikin kwalabe da jarkoki, ana shigo da shi ta Jibiya da Ɗan Isa da sauran hanyoyin daji, kuma ya fi na famfo araha nesa ba kusa ba. Dalili shi ne gwamnatin Najeriya na biyan tallafi a kan kowace lita, mu kuma muna shan romon. A wancan lokaci ba wanda ke tambayar lita nawa mota ke sha. Ana tambayar buhu nawa take ɗauka.

Ranar 29 ga Mayu 2023, Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta zarce naira 1,000. Wata biyu bayan jawabin nasa, ranar 26 ga Yuli 2023, mulki ya canja a Yamai, CEDEAO ta ƙaƙaba takunkumi, aka rufe iyaka, ba a buɗe ta ba sai a Maris 2024. Ko da aka buɗe, ruwa-ruwan da muka sani bai dawo da arahar da ba. Wani lokaci ma kan ya juya, man Nijar ne ke tsallakawa can.

Gwamnati ta rage farashi a Yulin 2024. Litar fetur ta sauko daga sefa 540 zuwa 499, wato dala ɗari ba tamma ɗaya, gazuwal kuma daga 668 zuwa 618. An ji daɗin ragin, amma sai jama'a duka suka koma kan famfo lokaci guda. Matatar SORAZ ta Damagaram, wadda aka buɗe a Nuwamban 2011, ganga 20,000 take tacewa a rana, kuma an gina ta ne lokacin da ruwa-ruwa ke cike giɓi mai yawa. A Maris 2025 kowa ya ga sakamakon: dogayen layuka a gidajen mai daga Yamai har nan, jami'an SONIDEP da kansu suka bayyana cewa man sumoga ne a da yake ɗauke da kusan rabin kasuwa. To, wanda ya kwana a layi da bashe mai shan fetur kamar rijiya, shi ne yau yake tunanin rabuwa da ita.

Lissafin kilomita

Mu ɗauki misali, kowa ya gyara shi daidai da motarsa. A ce tsohuwar bashe mai fetur tana shan lita 13 a kilomita 100 idan da kaya. A ce ƙaramar mota irin Starlet ko Corolla mai lafiya tana shan lita 7. Bambanci lita 6 ke nan. A farashin 499, kusan jika 3 ne a kowane kilomita 100. Wanda ke yin kilomita 1,000 a wata zai rage jika 30, a shekara jika 360. Ba kuɗin wasa ba ne. Ya isa ya sayi hatsin da zai riƙe gida tsawon damina.

Idan bashen mai gazuwal ce tana shan lita 10, kuɗin kilomita 100 sefa 6,180 ne, ƙaramar mota kuma 3,493. Bambancin ya ɗan ragu, ya koma wajen jika 2 da ɗari bakwai na sefa.

Akwai kuma ranar ƙarancin mai. Idan gidan mai ya ce lita 20 kawai za a ba kowa, ƙaramar mota za ta yi kilomita 285 da su, bashe mai fetur ba za ta wuce 154 ba. Ga malamin makaranta ko ma'aikacin asibiti da ke zirga-zirga tsakanin Agye da Maraɗi bisa kwalta, bayan motarsa wayam ba kaya, wannan lissafi ya wadatar. Yana biyan kuɗin ɗaukar tan guda alhali jakarsa kaɗai ya ɗauko.

Lissafin buhu

Amma fa yawancin masu bashe a nan ba kilomita suke sayarwa ba, buhu suke kaiwa. Cadawa da kewayenta ƙasar aya ce da riɗi da wake da gujiya, kuma duk wannan kaya sai ya fito daga ƙauye ya iso kasuwa. Nan lissafin ke juyewa.

Daga Cadawa zuwa Maraɗi kimanin kilomita 40 ne, zuwa da dawowa 80. Bashen misalinmu za ta sha lita 10 da ɗoriya, wajen sefa 5,200. Idan ta ɗauki buhu 10 masu kilo ɗari-ɗari, kowane buhu ya ci man sefa 520. Ƙaramar mota za ta sha na sefa 2,800, amma buhu nawa za ta ɗauka ba a karya mata baya ba? A ce uku. Kowane buhu ya tashi sama da sefa 900. Kafin ta kwashe buhu 10 sai ta yi sawu huɗu, man ya kai sefa 11,200, ninki biyu na bashe da ƙari, ban da yinin da ya tafi da tayoyin da suka ci wuya. Wanda abincinsa ke cikin dako, in ya sayar da bashe don gudun shan mai, ya gudu daga ruwa ne ya faɗa rijiya.

Sai maganar hanya. Babbar hanyar ƙasa mai lamba ɗaya ta ratsa Gidan Rumji da Cadawa da Agye da Gazawa, ga kuma wadda ta tashi daga Cadawa zuwa Mayahi. Da ka sauka daga kwalta kuwa, sai rairayi da jigawa, da damina kuma laka da ƙoramun da ke malala cikin Gulbin Kaba da Gulbin Maraɗi. Duk wanda ya ga yadda ruwan 2024 ya yanke hanyoyi a jahar nan ya san abin da muke nufi. Motar da cikinta ke kusa da ƙasa, lita 7 ɗin nan a kan kwalta take yin ta. Cikin rairayi sai ta yi ta gurnani da giya ɗaya, ta sha mai, ta ƙone kuloci, ƙarshe a nemo samari su tura.

Kuɗin da ba a gani a famfo

Abu na biyu da ake mantawa shi ne kuɗin canjin kansa. Motocin hannu da muke saye, a da akasari ta tashar ruwan Kwatano suke shigowa. Tun 2023 iyakarmu da Benin ba ta koma yadda take ba, kaya da yawa sai sun bi ta Lome su ratsa Burkina Faso da rakiyar sojoji. Hanya ta ƙara tsawo, kwanaki sun ƙaru, kuma mai saye ne ke biya. Kayan gyara ma haka.

Saboda haka kafin a yi murnar jika 30 a wata, a tambayi ciko. Idan tsohuwar bashe ce da ta gaji, kuɗinta ba lalle ya sayi ƙaramar mota mai lafiya ba. A ce cikon ya kai miliyan ɗaya, da la'adar dillali da canjin kart giriz da asuransi da gyaran farko, wanda ba motar hannun da ke rasa shi. A jika 360 a shekara, sai an kusa shekara uku kafin cikon ya dawo. Idan kuma mutum kilomita 400 kawai yake yi a wata, ragin jika 12 ne, shekara bakwai ke nan. Motar da aka saya da tsufanta, wa ya tabbatar za ta kai?

Mai Hilux mai gazuwal da ke da lafiya, nasa lamarin dabam ne. Motarsa na da masu nema, ba ta faɗuwa a kasuwa da sauri, zai iya sayarwa ya sayi ƙarama har canji ya rage. Amma shi ma ya lura da abu guda. Ƙarancin da aka yi a Maris 2025 ya fi shafar fetur. Gazuwal kuwa Nijar har fitar da shi take yi: a Afrilun 2024 an sa hannu kan yarjejeniyar sayar wa Mali lita miliyan 150. Gazuwal ya fi tsada a lita, amma ya fi samuwa. Wanda ya bar gazuwal ya koma fetur ya rage kuɗi, ya ƙara yiwuwar kwana a layi.

Abin da ya shafe mu duka

Wannan shawara ta mai mota ce, amma ba shi kaɗai za ta taɓa ba. A ƙauyukan da ke nesa da kwalta, bashe ita ce motar kasuwa, ita ce ke kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare, ita ke kawo taki da siminti. Kowace bashe tana ciyar da direba da yaron mota da ƴan dako. Idan suka ragu a yankin, manomi mai buhu biyar ba shi da yadda zai kai kayansa Cadawa ko Maraɗi ya ji farashi da kunnensa. Sai ya jira babban ɗan kasuwa ya turo motarsa har ƙofar gida, ya yanka masa kuɗin da ya ga dama. Ragin man da mutum ɗaya ya samu, ƙauye guda ne zai biya shi a farashin aya da wake.

A ɓangaren Gidan Rumji da ke iyaka da jihar Sakkwato, akwai ƙarin damuwar tsaro. Masu mota da dama sun daina tafiyar dare, sawu ya ragu, kuɗin shiga ya ragu, asuransi da binyet kuwa suna nan ba su ragu ba. Ga irin waɗannan, matsalar ba shan mai ba ce kaɗai, rashin aikin da zai biya man ne. Canja mota ba zai magance wannan ba.

To, mene ne abin yi?

A ganinmu, kada kowa ya yanke hukunci da zafin layin gidan mai. A ɗauki littafi a rubuta wata guda cur: lita nawa aka zuba, kilomita nawa aka yi, sawu nawa aka yi da kaya, nawa aka yi wayam, nawa aka samu. Idan a sawu goma bakwai ba kaya, bashe ta zama ado mai tsada. A sayar, a sayi ƙarama, ranar da ake da kaya a yi hayar ta maƙwabci, shi ma ya samu. Idan kuwa mafi yawan sawu da lodi ne, a riƙe ta.

Wanda ya riƙe, akwai hanyoyin rage sha da ba sa buƙatar miliyan. Matatar iska da ƙurar yankin nan ta toshe, tayoyin da ba su da isasshiyar iska, injin da aka daɗe ba a duba ba, gudu fiye da kima bisa kwalta, duka suna ƙara lita. Komawa wayam ita ce babbar asara: in an kai aya Maraɗi, a nemo kayan shaguna na dawowa tun kafin a tashi. Masu bashe biyu ko uku na gari ɗaya za su iya raba ranakun kasuwa maimakon kowa ya fita da rabin lodi. Ƙananan zirga-zirga kuma babur ya isa, kayan da ba su wuce buhu uku ko huɗu ba daga gona zuwa bakin hanya, amalanke ko keke mai ƙafa uku na ɗaukar kaya ya fi kowace mota sauƙi.

Wanda ya ƙudura sayarwa kuma, ya duba lokaci. Bashe ta fi daraja gab da kaka, lokacin da kowa ke neman abin dako. Da bazara, in aiki ya ja baya kuma kowa na neman kuɗin iri da taki, mai saye ne ke da baki. Kada a miƙa makulli sai kuɗi sun cika, kada a karɓi sabuwa sai makanikin da aka yarda da shi ya shiga ƙarƙashinta, an kuma tabbatar takardun duwan da kart giriz sun dace da lambar da ke jikin motar. Araha ba ta ado, balle a motar da takardunta ke da shakka.

Farashin mai a ƙasar nan gwamnati ke tsayar da shi, kuma mun ga an ɗaga gazuwal a 2022, an sauke shi a 2024. Abin da aka sauke da doka, ana iya ɗaga shi da doka. Don haka duk wanda zai yi lissafin da muka kawo, ya yi shi sau biyu: ɗaya da farashin yau, ɗaya kuma da lita ta ƙara dala ashirin. Idan amsar ba ta canja ba, to ya kira dillali ko ya kira makaniki da kwanciyar hankali.