SHARHI: Dillalan Da Ke Cin Gumin 'Yan Mazan Jiya

Wasu kamfanoni a Amurka sun mayar da haƙƙin tsofaffin sojoji hajar kasuwa, kuma kafar da suka bi ta isa ta zama darasi ga duk ƙasar da ke biyan 'yan mazan jiya.

Dokar ƙasar ta tanadi cewa babu mai wakiltar tsohon soja wajen neman diyyar rauni ko ciwon da ya samu a bakin aiki sai wanda Ma'aikatar Kula da Tsofaffin Sojoji ta tantance. Ta kuma hana karɓar ko sisi a kan shigar da buƙatar farko. To amma a shekarar 2006 Majalisar Dokoki ta cire hukuncin da ke kan mai karɓar irin wannan kuɗi, aka bar ma'aikatar da wasiƙun gargaɗi.

Kasuwar ta buɗe sosai bayan dokar PACT ta 2022, wadda ta faɗaɗa diyya ga sojojin da suka shaƙi hayaƙin ramukan ƙona shara a Iraƙi da Afganistan. Buƙatu suka yi ta kwarara, kamfanonin da ba a tantance ba suka fito da sunan masu ba da shawara. Da yawansu kan caji ninki biyar na ƙarin da aka yi wa sojan a wata. Wanda aka ƙara wa dala 500, sai ya biya dala 2,500, alhali ƙungiyoyi irin su American Legion suna yin wannan aiki kyauta.

Kamfanonin na cewa takardun suna da wuyar cikewa, ma'aikatar tana jan ƙafa, kuma kowa yana da ikon zaɓar mai taimakonsa. Akwai gaskiya a batun jan ƙafar, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Sai dai ciniki ba ya zama na adalci idan mai saye marar lafiya ne, bai san farashi ba, bai kuma san ana bayar da hajar kyauta ba. Ganin haka ne jihohi irin su New Jersey da Maine suka kafa nasu dokokin hani.

A Nijeriya, inda aka fitar da sojoji daga tsarin fanshon karo-karo a 2011, Hukumar Fanshon Sojoji ke biyansu. Duk jinkirin da aka samu wajen tantancewa ko biyan garatuti, dama ce ga 'yan kamasho. Wajibi ne hukumar ta sauƙaƙa takardunta, ta yi ta shela cewa neman haƙƙi kyauta ne, a kuma ƙarfafa ƙungiyar 'yan mazan jiya ta Lijon domin ta riƙa cike wa mambobinta takardu. Duk dokar da za a yi a kan dillalai kuwa, a haɗa ta da rajista, da iyakar la'ada, da hukunci bayyananne, don kada a maimaita kuskuren da Amurka ta yi a 2006.