Kada a Bar Tsofaffin Kujerun Zamanin Turawa ga Gara

Duk wanda ya leƙa sito a tsohuwar sakatariya ko ofishin En'e ba zai rasa ganin kujerun katako na zamanin mulkin mallaka jibge cikin ƙura ba, ana jiran ranar gwanjo ko ranar da gara za ta gama da su. Wannan asara ce, domin akwai ilmi a jikinsu.

Alal misali, a dubi kujerar Rurki, wadda ta samo sunanta daga wani gari a arewacin Indiya, wanda a da ya kasance mazaunin injiniyoyin sojan Ingila. A ƙarshen ƙarni na 19 aka ƙago ta domin hafsoshi masu yawan tafiya. Babu ƙusa a mahaɗanta, babu gam. Ƙafafu huɗu ne da aka huda, a zura sanduna cikin ramukan, sa'an nan tamfol da maɗauran fata su riƙe su. Saboda mahaɗan suna motsi, ko a ƙasa mai tudu da kwari aka ajiye ta, nauyin mai zama kan daidaita ta. In za a tashi sai a warware ta, a naɗe. Irin waɗannan kayan zango ne 'yan dako suka riƙa ɗaukar wa Di'o in ya fita rangadi. A 1933 Kaare Klint na ƙasar Denmak ya ɗauki fasalinta ya fito da kujerar Safari, wadda har yau ake ƙerawa.

Wasu za su ce me za a yi da kayan waɗanda suka zauna bisa kujera talakawa na durƙushe a gabansu? Gaskiya ne, amma wannan ma tarihi ne da ya kamata ɗalibai su gani da idonsu. Bugu da ƙari, kujerun ofis da yawa kafintocin ƙasar nan ne suka sassaƙa su da maɗaci da loko, suka haɗa su ba ƙusa.

Saboda haka ya kamata ma'aikatu su ƙidaya abin da ya rage, su miƙa nagartattun ga gidajen tarihi kamar Gidan Makama na Kano, sauran kuwa a kai makarantun koyon sana'a domin yara su kwance, su auna, su koya. Gara ba ta jiran takardar izni.