Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: A Wasa Lauje Tun Riɗi Bai Bushe Ba

Da fatan damina ta yi albarka a inda kuke, Allah ya sa mu ga kaka lafiya. A wannan wata filin namu zai ajiye alli da allo ya leƙa maƙera, domin akwai wata magana da muke rainawa alhali kuwa abincin gidaje da yawa na rataye da ita, watau maganar kaifin kayan aiki.

Kowa a ƙasar Gadarif ya san halin riɗi. Ana shuka shi a watan Yuli, bayan kamar kwana 100 ya isa yanka, watau wajen watan Oktoba. Amma ba shi da haƙuri irin na dawa. Dawa takan tsaya a gona ta jira mai ita, shi kuwa riɗi da zarar ganyensa ya yi rawaya ya fara kakkaɓewa, to, 'yan kwanaki ne suka rage. In aka yi sake ƙwansonsa ya bushe a tsaye, sai ya tsage, ƙwayar ta zube cikin tsagar baƙar lakar nan tamu, inda ba mai iya tsince ta sai tururuwa.

Noman inji ya shigo ƙasar nan tun wajen 1945 a Gadambaliya, a 1968 kuma aka kafa Hukumar Noman Inji. Tun daga lokacin tarakta ta karɓe huɗa da shuka a manyan gonaki. Duk da haka, in aka zo yankan riɗi, ko da yake wasu manyan manoma sun sayo injin yanka da ɗauri, mafi yawa har yanzu hannu ne da lauje, wanda maƙwabtanmu Larabawa ke kira manjal. 'Yan ƙwadago na zuwa daga ko'ina, har daga Habasha ta hanyar Gallabat, matasanmu na Shuwak da ƙauyukan bakin Atbara da Sitit su ma suna fita. Ba kuma da yini ake biyansu ba, a kan yawan hillar da mutum ya tsayar ake lissafi.

To, mai karatu, ka auna abin da dasasshen lauje ke jawowa a irin wannan aiki. Na farko, maimakon ya yanke kara da jan farko, sai an ja biyu ko uku, kowane ja kuwa girgiza ne, kowace girgiza kuma ƙwaya ce ke zuba. Wannan hasarar mai gona ke nan. Na biyu, ɗan ƙwadagon da ke kokawa da kowane dami, kafin azahar kafaɗarsa ta mutu, abokinsa mai kaifin lauje ya tsere masa da hilla. Wannan hasarar aljihunsa ke nan. Na uku kuma, wanda ya fi muni, dasasshen ƙarfe ya fi mai kaifi yanka mai shi. Dalili kuwa shi ne sai an sa masa ƙarfi, in ya zame daga kan kara, hannun hagu da ke riƙe da damin ne ke gabansa. Wanda ya yanke yatsa a tsakiyar kaka, a gona mai nisa da asibiti, ya yi hasarar kuɗin da iyalinsa suka ɗora rai a kai.

Amma wasa ƙarfe ba goga shi a kan dutse kawai ba ne. Kowane baki da irin cinsa, da kuma irin washinsa. Lauje mai santsin baki yanka yake irin na wuƙa. Shi dutsen washi yake so, a jiƙa dutsen da ruwa, a bi lanƙwasar bakin daga gindi zuwa tsini, ba tare da an sake karkatar da maƙeri ya ba shi ba. Lauje mai haƙora kuwa cinsa irin na zarto ne. Shi ba a taɓa ɓangaren da aka sara haƙoran, ta ɗaya ɓangaren ake goga shi kaɗan, sai tsinin haƙoran ya fito. In haƙoran sun cinye ƙurmus, ba aikin gida ba ne, sai a kai wa maƙeri ya sake sara su. Wanda ya ɗauki magagari ya bi ta kan haƙoran, a cikin minti biyar ya kashe laujen da zai yi masa kaka uku.

Akwai kuma wata ɓarna da ta zo da injin washi mai aiki da lantarki. Yana da sauri, tartsatsinsa na burge yara, amma yana ƙona ƙarfe. Taurin da maƙeri ya ba baki, ta hanyar gasa shi da tsoma shi cikin ruwa ko mai, zafi ne ke warware shi. Ƙarfe da kansa yana ba da labari: in ya kai zafin digiri 230 ko kusa da haka yakan yi launin busasshiyar ciyawa, in ya kai wajen 300 sai ya yi shuɗi. Duk wanda ya ga bakin laujensa ya yi shuɗi a kan inji, ya san wurin ya yi laushi, zai yi kaifi a kasuwa, ya dakushe a kunyar farko. Maganin abin shi ne a riƙa taɓawa kaɗan-kaɗan ana tsomawa a ruwa. Mai washin da ba shi da gwangwanin ruwa kusa da shi, kada ka miƙa masa kayanka.

Iri na uku shi ne cin almakashi, inda baki biyu ke haɗuwa su datse abin da ya shiga tsakaninsu. A nan ne zan kawo misalin wani tsohon inji da samarin yanzu ba su cika gani ba, watau injin yankan ciyawa na turawa da hannu, wanda ba ya shan fetur. Wani Bature mai suna Edwin Budding ne ya ƙirƙiro shi a 1830, a kusa da garin Stroud na Ingila. A masaƙar ulu ya ga wata na'ura mai murɗaɗɗun wuƙaƙe da ke aske gashin yadi don ya yi sumul, sai ya ce abin da ya aske yadi ai zai aske fili. A 1832 kamfanin Ransomes na garin Ipswich ya fara ƙera shi, daga baya irinsa ya bi Turawa zuwa ƙasashen da suka mulka. Har yau manyan filayen ƙwallo na duniya da inji mai irin wannan yanka ake gyara su, domin datse ciyawa yake, ba ya yayyaga ta.

Yadda yake aiki shi ne, in ka tura, ƙafafunsa su juya wani gammon wuƙaƙe biyar ko fiye, waɗanda aka murɗa kamar igiya. Kowace wuƙa tana zuwa ta shafi wata miƙaƙƙiyar wuƙa da ke kwance a ƙasa ba ta motsi, ciyawar da ta shiga tsakani ta datse. Ashe ke nan kaifin wuƙa ɗaya ba ya wadatarwa, sai bakunan biyu sun dace da juna daga wannan gefe zuwa wancan.

A wata makaranta da na taɓa koyarwa, mun tarar da irinsa a ɗakin ajiya ƙarƙashin karyayyun bencina, ya yi tsatsa har ba ya juyawa, ana shirin haɗa shi da tarkacen da za a sayar wa masu awon ƙarfe. Muka roƙi a ba mu mako biyu, ni da yaran aji na sama. Muka jiƙa shi da kananzir ya kwana, muka kankare tsatsar da burushin waya, muka cire ƙafafun muka wanke tsohon giris ɗin da ya daskare muka sa sabo. Inda dutse ya ɓantare baki muka daidaita da magagari. Sa'an nan muka ɗaure notocin da ke matso da wuƙar ƙasa, kaɗan a dama kaɗan a hagu, har bakunan suka fara shafar juna.

Washin nasa shi ne abin mamaki, don ba dutse ba magagari. Mun samo man nan mai yashi-yashi da makanikai ke goge bawul ɗin mota da shi, muka shafa wa kowace wuƙa, muka riƙa juya gammon da baya, watau akasin yadda yake juyawa in yana yanka. Da haka bakunan biyu suka wasa juna, kowanne ya ɗauki siffar ɗan'uwansa. Bayan kamar minti goma muka goge man sarai, domin in aka bar shi zai ci gaba da cin ƙarfen. Jarrabawar ƙarshe da takarda ake yi: a sa tsinken takardar littafi a tsakani, a juya a hankali. In ta datse tsaf a dama, da tsakiya, da hagu, aiki ya yi. In ta lanƙwashe, da sauran ɗauri. Sai dai a sani, wannan inji na gajeriyar ciyawa ne. Wadda ta kai gwiwa a tsakiyar damina kwantar da ita kawai zai yi, dole lauje ya fara wucewa.

Wani zai ce, malam, mu da ba mu da filin ƙwallo mai ciyawa, ina ruwanmu da injin Bature? Ruwanmu shi ne, dokar nan ita ce ta almakashin tela, da na aski, da wuƙaƙen injin girbin dawa. Almakashi ba a goga cikinsa inda bakunan ke haɗuwa, gefen waje mai karkata kaɗai ake wasawa. Sau da yawa ma almakashin da uwargida ta jefar wai ya mutu, ƙusar tsakiyarsa ce ta saki, ɗauri kawai yake bukata. Haka direban injin girbi da ya bar rata tsakanin wuƙa da maƙarinta, taunar kara injin zai riƙa yi, ya sha mai, ya zubar da hatsi.

Abin da ya sa na ga wajibi ne a yi wannan magana yanzu shi ne halin da ƙasa ta shiga. Yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilu 2023 ya durƙusar da masana'antu da manyan kasuwannin Khartum, kuɗinmu ya faɗi, kayan gyara suka yi tsadar da ba a taɓa gani ba. Da can in abu ya lalace a jefar a sayi sabo, ko da na banza ne. To, wannan zamani ya koya mana cewa da tsohuwar zuma ake magani. Tsohon ƙarfen da muke sayar wa masu awo da kilo, a bakin kuɗin da bai kai na kwanon dawa ba, shi ne jarin maƙeri. Karyayyen sifirin na mota ƙarfe ne mai kyau ƙwarai, daga shi ake fitar da lauje, da adda, da gatari masu riƙe kaifi. Tsohon faifan garmar tarakta kuwa fartanya ce da magirbi. In babbar mota ta kwashe su ta yi gaba, mu ne za mu koma muna sayen laujen gwangwani wanda ba ya kai ƙarshen mako.

Daɗin daɗawa, su kansu maƙeran suna ƙarewa. Kakanninmu da suka taso daga ƙasar Hausa a kan hanyar Makka, da waɗanda suka biyo Mai Wurno bayan yaƙin Burmi na 1903, ba da dukiya suka zo ba, da sana'a suka zo. Noma, da su, da ɗinki, da ƙira su ne suka ba su wurin zama da mutunci a tsakanin jama'ar da suka tarar. Yau kuwa ka zaga maƙera ranar kasuwa, mai bugu ya yi furfura, mai zuga ma haka. Ɗan maƙeri na jin kunyar a gan shi da zugazugi, ya gwammace ya yi zaman jiran aikin ofis da ba ya zuwa. A matsayina na malamin makaranta ba zan ce a cire yaro daga aji ba, har abada. Amma ban ga abin da ya hana yaro ya yi karatu da safe ya riƙe awartaki da yamma ba. Lissafin kusurwa da muke fama da su a kan allo su gane, yaran da suka gyara injin nan sun gane shi a rana ɗaya da hannunsu.

Saboda haka ga shawarata a taƙaice. Mai gona da ɗan ƙwadago, kowa ya fito da laujensa tun yanzu, kada a bari sai ranar da motar gona ke ƙofar gida, a lokacin maƙera ta cika, maƙeri na sauri, aikin gaggawa kuwa ba ya kyau. A duba ƙota, in tana girgiɗi a sake ta. Kowace ƙungiyar masu yanka ta tafi da dutsen washi guda, a riƙa taɓa baki lokacin hutun shayi. In kaka ta ƙare, a wanke lauje, a shanya, a shafa masa baƙin mai, a rataye shi inda raɓa da yara ba sa kaiwa. Iyayenmu mata kuma, kafin a miƙa wa mai awo wani tsohon ƙarfe, a nuna wa maƙerin unguwa tukuna. In an kai aiki, a biya shi haƙƙinsa ba tare da dogon ciniki ba, domin gawayi ma da kuɗi yake saye.

Allah ya ba mu kaka mai albarka, ya tsare hannuwan masu yanka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Sai mun haɗu a wata mai zuwa in Allah ya kai mu.