Buɗe Ƙofa Kaɗai Bai Isa Ba: Darasi Daga Kwalejojin Jama'a Na Amurka

Masu iya magana sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ko da yake ba domin makaranta aka yi wannan magana ba, da wuya a sami inda ta fi dacewa kamar can. Galibi idan ana zancen bai wa ɗan talaka ilmi mai zurfi, abin da ake nufi shi ne a buɗe masa ƙofa, a sassauta masa kuɗin rajista. To, amma shiga daban, gamawa daban. Kula da cikin ɗalibi da kuɗin motarsa da littattafansa wani rukuni ne na karatun kansa, kuma tarihin kwalejojin jama'a na ƙasar Amurka ya isa shaida a kan haka.

Kwalejin jama'a makaranta ce ta shekara biyu bayan sakandare, wadda ake kafawa domin mutanen gari ɗaya ko gunduma ɗaya. Wadda ta fi daɗewa cikin na gwamnati ita ce ta garin Joliyet a jihar Ilinoi, da aka buɗe a 1901 da ɗalibai shida kacal, bisa shawarar William Rainey Harper, shugaban Jami'ar Shikago, da J. Stanley Brown, shugaban sakandaren garin. A 1947 kwamitin da Shugaba Truman ya naɗa ya ba da shawarar a yaɗa irinsu ko'ina, har yau ga shi sun kai wajen dubu. Kusan duk wanda ya gama sakandare suna karɓarsa. Da rana a koyar da masu niyyar wucewa jami'a, da dare kuma ga leburori da magidanta suna koyon walda ko gyaran mota ko aikin jinya, ga baƙin da suka yi ƙaura suna koyon Turanci.

Sai dai wannan buɗaɗɗiyar ƙofa ta zo da nata ciwon. Akasarin waɗannan ɗalibai aiki suke yi su ci da kansu, da yawansu kuma suna da iyali. Tun 1972 gwamnatin tarayya take ba marasa ƙarfi tallafin karatu, wanda aka sa wa sunan Sanata Pell a 1980, amma duk da haka masu yankewa a tsakiya ba su ƙidayuwa. Abin da ke korarsu sau da yawa bai taka kara ya karya ba: kuɗin mota ya yanke, ko yaro ya kwanta ciwo, ko kuɗin haya ya zo daidai da lokacin sayen littafi.

Ganin haka, a 2007 Jami'ar Birnin Niyok ta fito da wani shiri mai suna ASAP a kwalejojinta. Ana cike wa ɗalibi abin da ya rage na kuɗin makaranta, a ba shi littattafai da katin shiga jirgin ƙasa da bas kyauta, sa'annan a haɗa shi da mashawarci wanda ɗalibansa ba su da yawa, ya san kowa da sunansa da halin da yake ciki. Shi kuma ɗalibi wajibi ne ya yi karatu na cikakken lokaci, ya riƙa ganin mashawarcinsa a kai a kai, in ya ƙi a hana shi katin. Wata cibiyar bincike mai suna MDRC ta raba ɗalibai kimanin 900 gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Bayan shekara uku, kashi 40 cikin 100 na waɗanda ke cikin shirin sun gama, alhali a ɗaya ɓangaren kashi 22 ne kurum. Da aka gwada shirin a kwalejoji uku na jihar Ohayo, nan ma adadin masu gamawa ya kusa ninkawa.

Akwai masu cewa makaranta ba gidan ciyarwa ba ce, aikinta koyarwa, kuma irin wannan shiri cin kuɗi gare shi. Haƙiƙa yana cin kuɗi, ba wanda zai musa. Amma binciken da aka ambata ya nuna cewa ko da yake abin da ake kashewa a kan kowane ɗalibi ya ƙaru, abin da ake kashewa kafin a sami mutum ɗaya mai takardar shaida ya ragu. Dalili kuwa a fili yake: ɗalibin da ya yi shekara guda ya gudu, an yi asarar duk abin da aka zuba masa. Araha, in ji Hausawa, ba ta ado.

Wasu kuma na tsoron kada taimako ya haifar da zaman kashe wando. Maganin wannan shi ne a ɗaure taimako da sharaɗi. A jihar Tenesi, inda tun 2015 ɗaliban da suka gama sakandare ke shiga kwalejin jama'a ba tare da biyan kuɗin makaranta ba, an shar'anta wa kowane ɗalibi ya yi wa jama'a aikin sa kai na awa takwas kowane zango. Wato gari ya ɗauki nauyin ɗansa, ɗan kuma ya fara biya tun bai gama ba.

Wannan batu ba baƙo ba ne a Nijeriya. A watan Afrilu na 1978, ƙarin kwabo 50 a kan kuɗin abincin ɗalibi na yini ya haddasa zanga-zangar da har aka yi asarar rayuka a Legas da Zariya. A 2024 kuma an kafa dokar ba ɗalibai rance. Rance abu ne mai amfani, amma ba ya lura da ɗalibin da ya yi mako biyu ba a gan shi a aji ba, balle ya tambaye shi lafiya. Wannan aikin mutum ne, kuma kwalejojin ilmi da na fasaha ba sa bukatar jiran Abuja kafin su fara shi. Malamin da zai riƙe ɗalibai kaɗan ya san halinsu, da ɗan asusun gaggawa wanda attajiran gari da tsofaffin ɗalibai za su tara, da ajujuwan yamma domin magidanta da matan aure, duk abubuwa ne da kowace kwaleji za ta iya somawa daidai ƙarfinta.

Saboda haka ya kamata a sake ma'aunin da ake auna makaranta da shi. Yawan waɗanda aka ɗauka abin alfahari ne na rana ɗaya. Tambayar da ta cancanci a yi wa kowane shugaban kwaleji ita ce: cikin waɗanda suka shigo shekara uku da suka wuce, nawa ne suka fita da takarda a hannu, kuma sauran ina suka shiga?